Surukina da Alewar Fatiha

Ranar Asabar ta farko a watan Rajab, ƙarfe goma saura kwata na safe, muna ɗakin majo a asibitin unguwarmu da ke Birnin Konni. Mu huɗu ne: surukina, da ɗiyarsa wadda nake aure, da majon, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, sai ni. Su uku suna ciki. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, rabin jikina a waje, domin tsohon ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa a kan benci, kuma bai kyautu mijin ɗiya ya tsaya yana kallon haka ba.

Majo ya soki yatsan hannunsa, ya ɗiga jinin a kan na'ura, ya dubi lambar. Sannan ya kwance tsumman da ke babban yatsan ƙafarsa ta dama, inda ƙusa ta soke shi wata biyu da suka wuce, ciwon ya ƙi kamewa.

"Baba, sukari ne ya riƙe wannan ciwo. In ba ka bar zaƙi ba, wata rana ba wanki za a yi ba, yanka za a yi. Ƙafar ce za ta tafi."

"To," in ji surukina. Sannan ya ce, "Minti ma zaƙi na?"

"Zaƙi ne."

"Ko ɗan ƙanƙane?"

"Baba!" in ji ɗiyarsa.

"Tambaya ce, ɗiya. Ai ba a hana tambaya ba."

Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar siminti daga Malbaza, wani lokaci zuwa Tawa, wani lokaci har Agadas. Direbobin zamaninsa kowa da abin da yake korar barci da shi a kan hanya: wasu goro, wasu shayi mai ɗaci, wasu taba. Shi bai iya ko ɗaya ba. Abin da ya gano shi ne, in ya jefa minti a baki ƙurar siminti takan saki maƙogwaronsa, idonsa kuma ya buɗe. Daga minti ya wuce alewar madara, da iloka, da gullisuwa, da kantun riɗi, har ya iso ga cakulan, wanda yake kira shokola, a nan ya yada zango. Ya ajiye tuƙi, bai ajiye wannan ba. Mutum ne mai salla a kan lokaci, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, amma yana iya bambance alewar da aka tsallako da ita daga Najeriya da wadda ta zo daga Yamai ta ƙarar ledarta kawai.

A ranar nan Inna, surukata, ta binciki ɗakinsa. Ta samu a aljihun 'yar ciki. Ta samu a naɗin hula. Ta samu a bayan tsohuwar rediyo, inda ake sa batir. Wanda ya fi ba ta mamaki gwangwanin madara ne, binne cikin yashi mai laima a gindin randa, inda yake ajiye cakulan don kada zafi ya narkar da shi.

"Shekara nawa ina ɗiban ruwa nan," in ji ta, "ashe bisa dukiya nike tsaye."

Aka bi masu tebur na layin ɗaya bayan ɗaya aka roƙe su kada su sayar masa. Babban ɗansa ya karɓe makullin moto, wato babur. Ƙafar ba ta barin sa ya yi nisa, sai ya zama daga ɗaki sai tabarmar ƙofar gida. Saura wankin ciwo, Litinin da Laraba da Asabar. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya soja ne a can gabas, ɗayan kuma tun asuba yake tafiya bakin iyaka wajen kayansa. Ni aikina na yamma ne. Sai maiɗakina ta ce, "Malam, kai za ka riƙa kai shi. Kuma ka sa ido."

Na ce to, ban yi tunanin abin da kalmar ido take nufi tsakanina da shi ba. Shekara tara ina auren ɗiyarsa. A shekarun nan tara, daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In aka kawo masa nasa, nakan tashi in ba da wuri. Haka na ga ubana yana yi wa nasa surukin, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini.

Litinin da safe na tsayar da moto a ƙofar gida, ya fito da farar riga da hula, ya hau bayana. Mun kai kwanar kasuwa sai ya taɓa kafaɗata da yatsa ɗaya.

"Malam, bi dama. Akwai fatiha bayan masallacin Juma'a."

"Baba, majo yana jira."

"Majo ba shi tashi sai azahar. Fatiha ko yanzu na. Ai kai ka hwaɗi jiya."

Gaskiya ne, ni na faɗa. Aikina karanta sanarwa ne a wani ƙaramin gidan rediyo na garin, bayan labaran yamma: rasuwa, ɓatan akuya, taron 'yan kasuwa, suna da ɗaurin aure, wanda a wajenmu fatiha ake cewa. An koya mana mu faɗi rana da lokaci da ƙofar gidan da za a yi, a hankali, sau biyu, don kada wani ya ce bai ji ba. Inna ta kwashe alewar da ke cikin rediyon, amma ta mayar da batir.

Na bi dama. Ba a hana dattijo zuwa fatiha.

A nan na ga yadda yake aiki. Ya zaɓi tabarmar da ke kusa da zauren, inda faranti zai fara fitowa. Liman ya gama addu'a, aka shafa, aka soma rabon goro da dabino da alewa. Ya karɓi nasa. Sai ya juya ga tsohon da ke damarsa, ya miƙa masa goron. Tsohon ya yi godiya, kuma da yake ba shi da abin mayar da alheri sai alewar da ke hannunsa, wadda dama ba ta dame shi ba, sai ya ba shi. Ya juya hagu da dabinon, aka yi haka. Bai roƙi kowa ba. Da muka zo wajen moto ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ba a ba ka rabo ba?"

Na miƙa masa da hannu biyu.

Muna tafiya na ji ƙarar leda a bayan kunnena. Madubin moton yana nan a hagu, da na ɗan karkata kai zan gan shi. Ban karkata ba. Wuyana ya san aikinsa tun kafin in yi shawara: surukinka yana cin abu, ba ka kallo.

Da yamma maiɗakina ta tambaye ni, "Ka ga ya sha wani abu?"

Na ce, "Ban gani ba."

A wajen aiki ƙa'ida ce kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Na jingina da wannan ƙa'ida har tsawon mako shida, ina sane da cewa ba don irin wannan aka yi ta ba.

Rajab da Sha'aban lokacin aure ne, kowa yana son ya ɗaura kafin azumi. Wata rana nakan karanta sanarwar fatiha biyar, ina karantawa ina jin kamar a kunnensa kaɗai nake zubawa. Da safe kuma ya riga ya tsara hanya. Daga sunan uban amarya da unguwar yake gane abin da za a raba. Gidan malamin lakwal, wato makarantar boko, minti ne mai sanyin maƙogwaro, ya ce a wuce. Gidan mai shanu, goro ne zalla, Allah ya sa albarka daga nesa. Gidan ɗan kasuwa mai shiga Sakkwato, nan ne ake samun shokola, nan za a fara. Yawancin mutanen bai san su ba. Sukan tarbe shi da murna, dattijo mai farar riga ya zo musu da ciwon ƙafa, har a ƙara masa rabo.

Na gwada abin da zan iya. Wata yamma na karanta sanarwar wani babban ɗan kasuwa da sauri, na haɗiye sunan unguwar, ban maimaita ba. Washegari ɗan kasuwar ya zo gidan rediyon da kansa, shugabanmu ya kira ni ya ce in ba ni da lafiya in faɗa. Surukina kuwa ya sami gidan ba wuya. Ya ce mini a hanya, "Jiya muryarka ta shaƙe. Ka riƙa shan minti."

Sai na bi hanyar da aka sani. Mai kunyar suruki ba ya yi masa magana kai tsaye, yakan nemi wanda zai isar. Na je wajen amininsa, wani tsohon direba da suka yi hanyar Agadas tare, na durƙusa na yi masa bayani: majo ya ce kaza, ni kuma ga abin da kunnena yake ji a kan moto. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Wanga abokin nawa! Mun taɓa kwana uku cikin daji, mota ta lalace, ruwa ya ƙare. Mu muna addu'a, shi yana lasar takardar alewa. Bari, ni ka yi mishi magana."

Ya yi masa. Laraba surukina ya hau moto. Muka je fatiha biyu, muka je asibiti, muka dawo. Sai da ya sauka a ƙofar gida ya tsaya yana gyara riga, ya ce, "Malam, da ka zo neman ɗiyata, mi na tambaye ka?"

"Ba komai, Baba."

"To."

Ya shige. Ban sake zuwa wajen kowa ba.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa, don kada in ɗora wa kunya laifin duka. A kan moton nan ne kaɗai muka taɓa yin hira. Yana bayana, ba ido da ido, sai bakinsa ya buɗe. Ya gaya mini inda taya ta fashe masa kusa da Illela ranar kasuwa, jakuna suka watse. Ya gaya mini yadda ake saukowa gangara da siminti cike ba tare da an ƙona birki ba. Ya gaya mini ranar da aka haifi maiɗakina yana hanya, sai da ta kwana huɗu ya gan ta. Yana magana alewa na ƙwanƙwasar haƙoransa. Ubana ya rasu ina lakwal, kuma na ga ina jiran safiyar Litinin fiye da yadda ya dace. Na san in na faɗa a gida, hirar ta ƙare.

Ciwon kuwa bai kame ba. Majo yakan wanke, ya auna jini, ya girgiza kai. Ya tambaye shi ko yana kiyayewa, tsohon ya ce ga surukinsa nan a tambaye shi. Majo ya leƙo bakin ƙofa. Na ce a gida dai an kwashe komai.

Asabar ta uku a Sha'aban, sanarwar da na karanta daren jiya ta Malbaza ce. Wani da suka yi aiki tare da surukina, wanda daga baya ya sayi motocinsa ya yi arziki, zai aurar da ɗiya. Na iso na tarar da surukina sanye da babbar riga mai aiki, a ƙafarsa kuma baƙin takalmi sau-ciki, ba silifan da yake sawa saboda bandeji ba.

"Baba, takalmin..."

"Mutanen da munka yi tuƙi tare za su taru. In je musu da ƙahwa naɗe kamar ƙunshin daddawa?"

"Wankin yau fa?"

"In mun dawo."

Inna tana cikin gida, in na ɗaga murya za ta ji. Na tayar da moto.

Mun isa kafin ƙarfe takwas. Rumfuna uku aka kafa, manyan motoci jere a bakin titi, kowace da farar ƙura a jikinta. Tsofaffin direbobi suka taso masa, ana rungume-rungume, ana kiran juna da sunayen tsokana. Ya tsaya a kan ƙafar nan kamar ba komai. Rabon na ranar a leda aka ƙulla wa kowa, a ciki har da cakulan mai takardar zinariya. Abokansa sun san shi, bai ma sha wahalar musaya ba, kowa zuwa yake ya zuba masa. Na hango daga inda nake zaune, can bayan rumfa, yana cika aljihun gaba na rigar har ya kumbura. Da ya kai hannu baki na sunkuyar da kai.

Sai wajen sha ɗaya da rabi muka kamo hanya, rana ta take. Bai yi hira ba. Ba ƙarar leda. Nauyinsa ya yi ta ƙaruwa a bayana, ƙirjinsa manne da gadon bayana, abin da bai taɓa yi ba. Kafin mu kai mararrabar Tsarnawa ya ce, "Tsaya."

Na tsaya a gindin wata bishiyar bedi. Ya sauka da ƙyar ya zauna a kan saiwa, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Ya sunkuya zai cire takalmin, ya kasa. Ya sake gwadawa. Sannan ya miƙo ƙafar wajena, ya kawar da fuska.

Na durƙusa. Wannan ne karo na farko da hannuna ya taɓa jikinsa. Ƙafar ta kumbura ta cika takalmin, sai da na kwance igiyar gaba ɗaya na riƙa ja a hankali. Wari ya fara fitowa. Bandejin ya jiƙe ya manne. Babban yatsan ya yi baƙi daga kansa zuwa gindi, na kusa da shi ya soma, akwai ja yana hawa ta bayan ƙafar. Na daɗe ina kallo. Wannan karon ba wanda zan ce wa ban gani ba.

"Iska na ta rasa," in ji shi. "Kai ni gida in kwanta. Kada ka hwaɗa ma Inna, hankalinta tashi shikai."

Na ɗaura takalmin a bayan moto, na taimaka masa ya hau. Da muka shigo Konni, kwanar gida tana hagu. Na wuce.

"Malam, ka wuce kwana."

Ban amsa ba.

"Gida na ce."

Ban amsa ba. Suruki ba ya musu da uban matarsa, amma ba a taɓa cewa dole ya yi magana ba. Ya bugi kafaɗata, ba da yatsa ɗaya ba. Na ƙara wuta.

Majo yana shirin tashi muka shiga. Ya dubi ƙafar, ya fita ya kira waya. Ni ma na kira maiɗakina. Ta zo a kan kabu-kabu ita da Inna, mayafinta a karkace. Ta wuce ni za ta shiga, sai ta tsaya.

"Mene ne wannan a bayanka?"

Ban san da shi ba. Cakulan ɗin da ke aljihunsa ya narke a hanya, ya ratsa rigarsa ya ratsa tawa, ya yi taswira tun daga kafaɗa har tsakiyar baya. Ta dangwala da yatsa, ta shinshina. Ta dubi ubanta, gaban babbar rigarsa ya yi baƙi-baƙi, gefen takardar zinariya ya leƙo daga aljihu.

Majo ya dawo. Ya ce yana son gaskiya, domin lokotoro, wato likitan babban asibiti, zai tambaya: tun yaushe yake shan zaƙi, kuma yaya yawansa?

"Yau kaɗai," in ji surukina. "Biki na."

Ba wanda ya dube shi. Ni suka duba.

Na shigo cikin ɗakin gaba ɗaya. Na faɗa, idona a kan majo. Na fara daga Litinin ta farko, bayan masallacin Juma'a. Na faɗi kowace rana da gidajen da muka je, inda aka raba minti da inda aka raba cakulan, da musayar goro, da rabona da nake miƙawa, da wankin da muka makara sau huɗu da na yau da muka tsallake. Ban tsallake komai ba, kuma muryata ba ta yi rawa ba, aikinta ke nan.

"Mako shida," in ji maiɗakina. "Kullum ina tambayar ka."

"Kin tambaye ni ko na gani."

"Malam, kada ka yi mini wannan a nan. Kunyarka ta fi ƙafar ubana?"

Inna ta sa hannu a aljihun mijinta tana kwaso abin da ya rage, yana ɗiga tsakanin yatsunta, tana zubawa a kwandon shara. Ya bi hannunta da ido har ta gama. Sannan ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko a shekara tara.

"Ka ƙare labaran?" ya ce.

"Na ƙare, Baba."

"To, hita. Za a tuɓe min riga."

Na fita na tsaya a baranda.

Da la'asar aka ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti. Ranar Litinin aka yanke yatsu biyu, aka bar sauran ƙafar. Ya kwana goma sha tara a kwance, azumi ya kama yana can. Da aka sallamo shi, ɗansa na bakin iyaka ya bar fitar asuba, shi ya ci gaba da kai shi wanki.